Daga Majami'a Zuwa Jami'a: Labarin 'Ya'yan Wusasa

 Sa'ad da dattawa suka ce mu rubuta wani abu na tarihi domin wannan ɗan littafi na jubili, sai muka tuna da wata tambaya da aka yi mana bara da kaka, a wani gida kusa da Dapaong. Maigidan manomi ne, ya ba da gaskiya tun yana saurayi, ya kuwa sha wuya saboda haka. 'Yarsa ta fari ta ci jarrabawar bak, watau ta ƙarshen makarantar sakandare, tana so ta tafi jami'a a Kara. Ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, muka gaisa. Sa'an nan ya ce, "Malam, ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Na riga na rasa dangina sau ɗaya saboda bangaskiya. In yarinyar nan ta yi wannan karatu mai zurfi, za ta komo tawa, ko kuwa na sake yin hasara ke nan?"

Ba mu iya ba shi amsa nan take ba, gama mu kanmu iyakar karatunmu makarantar Mishan ce da ta Littafi Mai Tsarki, ba mu taɓa zama a ajin jami'a ba. Abin da muka iya shi ne muka ba shi labarin waɗanda suka riga mu bin hanyan nan, mutane masu jin Hausa kamarmu, 'ya'yan sababbin masu bi kamar 'ya'yanmu. Labarin ne mu ke so mu maimaita a nan, domin mun sani ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Kada wani ya ce, ina ruwanmu da ƙasar Zazzau, mu da ke Togo? Kakannin da yawa daga cikinmu daga can suka fito. Fataken goro su kan tashi daga Kano da jakuna, da kanwa da tufafi, su ƙetare Kwara, su bi ta Nikki da Jugu, su sauka a Didaure cikin ƙasar Kotokoli, inda garin Sokode ya ke yanzu, kana su wuce Salaga ta ƙasar Gwanja. Waɗansu ayarin kuma ta Sansanin Mango su ke bi. Wanda ya gaji da tafiya, ko ya sami mata, sai ya zauna a zango. Harshen da ku ke karantawa yanzu ta wannan hanya ya zo.

Likita Mila

A cikin 1900 waɗansu Turawa biyar na Mishan ɗin CMS suka taso daga Ikko suka nufi Kano. Shugabansu Bishop Tugwell ne, a cikinsu kuwa akwai wani saurayi likita, Walter Miller, wanda Hausawa suka sani da sunan Likita Mila. An haife shi a Ingila cikin 1872, ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew na birnin London, ya kuma je Tarabulus ya koyi Hausa a bakin mahajjata da fatake. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya ba su kwana uku su fita daga garinsa. Suka koma Girku, kudu da Zariya, ɗaya daga cikinsu ya mutu a can. Sai a cikin 1905 Mila ya sami zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta a gidansa.

In an auna aikinsa da yawan waɗanda suka tuba, ba shi da yawa. Ya yi shekaru yana wa'azi a birni, masu bi ba su wuce a ƙirga su da yatsa ba. Mutum ne kuma mai zafin rai, ya yi ta faɗa da Razdan, da Sarki, har da 'yan'uwansa 'yan Mishan. Ba mu faɗi wannan don mu rage shi ba, sai don kada yaranmu su zaci Allah ya kan yi aiki da marasa aibu kaɗai. Amma abu biyu ya tsaya a kansu bai gushe ba. Na fari juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka gama bugawa dukansa cikin 1932. Na biyu, ya ce yaron Hausa yana iya koyon duk abin da yaron Ingila ke koyo.

Wannan na biyu ya saɓa wa ra'ayin Gwamnati ta lokacin. Makarantar da Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, nufinta ta fid da 'ya'yan sarakuna da malamai waɗanda za su yi aikin En'e, da Hausa a ke fara koyarwa. Kwalejin Katsina da aka buɗe cikin 1922 ta fid da manyan mutane, irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma malaman makaranta a ke so su zama, ba a shirya musu hanyar jami'a ba. Mila kuwa ya ɗora yaransa a kan Turanci da lissafi tun suna ƙanana, wanda ya ga yana da kai sai ya aika da shi Ikko ya yi sakandare. A nan asirin ya ke. Ba wai yaran Mishan sun fi sauran 'yan Arewa basira ba ne. Tsani ne aka kafa musu, sauran kuwa ba a kafa musu ba sai daga baya.

Gimi

To, ina ya sami yaran? Waɗansu 'yantattun bayi ne, waɗansu 'ya'yan Filani da Hausawa ne da iyayensu suka amince masa. Amma da yawa daga wata jama'a suka fito da a ke kira Isawa.

Tun kafin Bature ya zo, an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya yi ta nazarin abin da Alkur'ani ya faɗa a kan Annabi Isa, har ya tara almajirai yana koya musu su girmama shi, su jira komowarsa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi aka kashe shi a kasuwa, almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi Ningi, waɗansu suka ɓuya cikin ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau da Bauci. Wajen 1913 zuriyar waɗannan suka ji labarin wani Bature a Zariya mai littafin Isa, suka aiko a gani. Da suka ji Bishara da harshensu, da dama suka karɓa. Aka tara su a wani wuri da a ke kira Gimi, suka gina gidaje da majami'a da makaranta, suka yi gonaki, wani fasto baƙin mutum daga tsibiran Yammacin Indiya, mai suna Thompson, yana lura da su.

Wurin yana da ruwa da dausayi, ashe yana da ƙudan tsando. Ba a daɗe ba ciwon barci ya shiga garin. Mutum ya fara da zazzaɓi da kumburin wuya, sa'an nan ya dinga gyangyaɗi da rana, ya rame, hankalinsa ya gushe, ya mutu. Maganin kirki babu a lokacin. Kafin shekara goma Gimi ta zama kufai. Ku tuna, mutanen nan sun rabu da danginsu domin bangaskiya, ba su daɗe da yin baftisma ba, ga shi suna binne 'ya'yansu da iyayensu bi da bi. Maƙwabta kuwa ba sai an gaya muku abin da su ke cewa ba, yawancinmu mun ji irinsa da kunnenmu. Waɗanda suka tsira, da marayu, aka kwashe su zuwa Zariya.

Wajen 1929 Mishan ɗin ya tashi daga cikin birni ya koma bayan ganuwa, gindin wani dutse da a ke kira Wusasa. Aka gina majami'a ta ƙasa, ginin Hausa sosai, aka sa mata sunan St. Bartholomew, da makaranta da asibiti. Ƙauye ne ƙarami. Daga cikinsa mutanen da za mu ambata suka fito.

Likita Barau Dikko

An haifi Russel Aliyu Barau Dikko cikin 1912, Bafilace ne, ya tashi a hannun Mila. Daga makarantar Mishan ya tafi King's College a Ikko, daga can ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya yi karatun likita a Jami'ar Birmingham. Cikin 1940 ya kama aikin Gwamnati. Shi ne ɗan Arewacin Nijeriya na fari da ya zama cikakken likita irin na asibiti, a ƙasar da ke da mutum miliyoyi.

Ga wurin da ya kamata maigidan Dapaong ya kasa kunne. Mutum irin wannan, Kirista, mai digirin Ingila, da ya so da ya zauna a Ikko cikin masu kwat da taye, ya manta da Arewa. Bai yi haka ba. Cikin 1948 shi da waɗansu 'yan boko na Zariya, har da Malam Abubakar Imam editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, suka fara taruwa suna shawara a kan ci gaban ƙasarsu. A Kaduna ma waɗansu suna irin wannan. Aka haɗa ƙungiyoyin biyu, aka sami Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na fari a Kaduna cikin watan Yuni 1949. Ta ce yaƙinta da abu uku ne, jahilci da lalaci da zalunci. A cikin taron akwai malamai masana addinin Musulunci irin su Sa'adu Zungur da Aminu Kano. Da aka zo zaɓen shugaba, Likita Dikko aka zaɓa. Ɗan Mishan ya zauna a kujera, Musulmi suna kewaye da shi, ba wanda ya ce ya tashi.

Amma bai daɗe a kai ba. Cikin 1951 ƙungiyar ta zama jam'iyyar siyasa, watau NPC, doka kuwa ta hana ma'aikacin Gwamnati shiga siyasa. Ya zama tilas ya zaɓa, ko jam'iyya ko asibiti. Ya zaɓi asibiti. Jam'iyyar da ya reno ta koma hannun Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ta yi mulkin Arewa da na Nijeriya duka har 1966, shi kuwa yana can yana fama da cututtukan da suka addabi talakawa, yana hawa a hankali har ya zama Babban Sakataren Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Waɗansu sun ce ya yi wauta. Mu dai a ganinmu, 'yan siyasa suna da yawa a lokacin, likita ɗan ƙasa kuwa ba a cika hannu da su ba. Daga baya mulki ya neme shi da kansa: cikin 1967, ana gab da yaƙin basasa, aka naɗa shi Kwamishinan Ma'adinai da Lantarki na Tarayya, cikin 1971 aka mai da shi na Sufuri. Ya rasu cikin 1977. Babban asibitin nan na Kaduna da aka sa wa sunan Barau Dikko, wanda aka mai da shi asibitin koyarwa na jami'ar jihar, sunansa ne ya ke ɗauke da shi.

Ishaya Audu

A kan wannan za mu daɗe kaɗan, gama rayuwarsa ta hau ta sauka fiye da ta kowa, kuma jinin Isawa ne. An haifi Ishaya Sha'aibu Audu ran 1 ga Maris 1927 a Anchau, ƙasar da ciwon barci ya yi wa ɓarna har Gwamnati ta ta da mutane ta gina musu sabon gari, aka sa masa suna Takalafiya. Ubansa, Malam Bulus Audu, yana cikin masu bi na farko. Yaron ya yi makarantar Wusasa, ya wuce Kwalejin Yaba a Ikko. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun cikin 1948, wadda ita ce mafarin jami'a a Nijeriya, yana cikin ɗaliban farko. Ya ƙarasa a London, ya zama likita cikin 1954. Ya ƙware a kan ciwon yara. Cikin 1958 ya yi aure, matarsa mutuniyar Kudu ce.

Ga abin mamaki. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mutumin da ya yi ta yawo yana musuluntar da jama'a a ƙarshen zamaninsa, da ya tashi neman likitan da zai riƙa duba jikinsa, Ishaya Audu aka ba shi, ya kuwa amince da shi. Jikan mutanen da aka kora daga Kano saboda sunan Isa, shi ne ke sa hannu a ƙirjin Sardauna yana sauraron bugun zuciyarsa. Bai ɓoye addininsa ba, ba a kuma ce ya bari ba. Daga nan ya koma koyarwa a makarantar likitoci ta Jami'ar Ikko.

Sardauna ya kafa jami'a a Zariya, aka buɗe ta ran 4 ga Oktoba 1962, aka sa mata sunansa. Shugabanta na fari Bature ne daga Niyu Zilan, Norman Alexander. Ran 15 ga Janairu 1966 soja suka kashe Sardauna a gidansa a Kaduna. A cikin wannan shekara mai baƙin jini aka miƙa wa Ishaya Audu ragamar jami'ar, yana da shekara 39, shi ne ɗan ƙasa na fari da ya riƙe ta. Ku duba irin lokacin. Cikin watan Mayu tarzoma ta tashi a garuruwan Arewa, cikin Yuli soja suka sake juyin mulki, cikin Satumba da Oktoba aka kashe mutanen Gabas da yawa, sauran suka gudu, har da malamai da ɗalibai da masu aikin hannu na jami'ar. Shekara ta kewayo aka shiga yaƙi, ba a gama ba sai Janairu 1970. Jaririyar jami'a mai shekara huɗu, ubanta ya mutu, aka danƙa ta ga likitan yara.

Shekara tara ya yi yana renonta. A zamaninsa aka buɗe sashen koyon aikin likita cikin 1967, domin kada ɗan Arewa ya sake ƙetare teku kafin ya zama likita. Matsalarsa babba ita ce, makarantun sakandare na Arewa ba su fid da isassun yaran da suka cancanci shiga jami'a. Maimakon a zauna ana kuka, sai aka buɗe makarantar share fage a cikin jami'ar kanta, yaro ya zo a gyara masa tushe kana ya shiga. Tsanin da Mila ya kafa wa yara ƙalilan a gidansa, shi ne Audu ya kafa wa dubbai, yawancinsu kuwa Musulmi ne. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ma a ƙarƙashinsa ta ke a lokacin, kafin ta zama jami'a mai zaman kanta. Ba a rasa masu sukarsa ba. Waɗansu suka ce yana fifita Kirista, waɗansu Kirista suka ce yana jin tsoron sarakuna, ɗalibai suka yi masa bore ba sau ɗaya ba. Wanda ya tsaya a tsakiyar kasuwa, ta ko'ina a ke bangazarsa.

Cikin 1975 aka yi juyin mulki, sabuwar Gwamnati ta sauke manyan ma'aikata da yawa, shi ma ya bar kujerar. Cikin 1979 ya shiga siyasa, ya tsaya mataimaki ga Dokta Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP. Ba su ci ba, amma da jam'iyyarsu ta yi yarjejeniya da ta Shugaba Shehu Shagari, sai aka ba shi Ministan Harkokin Waje, ya riƙe har 1983. Da yarjejeniyar ta watse cikin 1981, jam'iyyarsa ta ce ministocinta su fito, shi bai fito ba. A nan mu ma muna da 'yar magana, gama alkawari kaya ne, amma ba mu ne alƙalinsa ba. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka komo, aka kama 'yan siyasa, aka tsare shi tare da su. Farfesa, tsohon shugaban jami'a, wanda ya yi magana da sunan ƙasarsa a Majalisar Ɗinkin Duniya, ga shi a tsare kamar kowa.

Da aka sake shi bai tafi Ingila ko Amurka neman aiki ba, ko da ya ke ƙofa a buɗe ta ke. Ya koma Samaru, bakin jami'ar da ya rena, ya zauna a ɗan asibitinsa yana duba marasa lafiya, ya kuma kafa ikilisiya yana wa'azi da Hausa da Turanci. Haka ya ƙare kwanakinsa, likita da mai bishara, kamar Baturen da ya koya wa iyayensa karatu. Ya rasu ran 29 ga Agusta 2005.

Shugaban ƙasa a benci

Na uku ba Bahaushe ba ne, Ba'angashe ne daga ƙasar Filato, amma a Wusasa ya tashi, Hausa kuma ya ke ji kamar kowane Bazazzagi. Uban Yakubu Gowon mai bishara ne kamarmu. An haifi Yakubu cikin 1934, ya yi makarantar Wusasa da Kwalejin Gwamnati ta Zariya, ya shiga soja, ya yi Sandhurst a Ingila. Ran 1 ga Agusta 1966 ya zama shugaban Nijeriya, bai cika shekara 32 ba, ko aure bai yi ba sai cikin 1969. Labarin yaƙin da ya ja, da jinin da ya zuba, ba na wannan ɗan littafi ba ne. Abin da ya shafe mu biyu ne.

Na ɗaya, shi da Shugaba Eyadema na ƙasarmu su ne suka ɗauki maganar haɗa ƙasashen Afirka ta Yamma a kai, har aka sa hannu a Ikko ran 28 ga Mayu 1975 aka kafa ƙungiyar da mu ke kira CEDEAO, 'yan Nijeriya kuwa ECOWAS. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya daga Sokode zuwa Kano ba tare da neman biza ba, ya ci moriyar wannan. Na biyu, wata biyu bayan haka, ran 29 ga Yuli, yana taro a Kampala aka hamɓare shi. Me ya yi? Ya tafi Ingila ya shiga Jami'ar Warwick a matsayin ɗalibi, yana da shekara 41. Jaridu suka buga hotonsa yana bin layi da faranti a ɗakin cin abincin ɗalibai, mutane da yawa a Nijeriya suka ce ya zub da mutuncin ƙasa. Bai fasa ba. Ya yi digiri na fari, ya ci gaba har ya sami na dokta cikin 1984, abin da ya rubuta a kai kuwa ita ce ƙungiyar nan da ya kafa. Daga baya ya shiga ƙauyuka yana yaƙi da kurkunu tare da cibiyar tsohon Shugaban Amurka Jimmy Carter. Aka tabbatar Togo ta rabu da kurkunu cikin 2011, Nijeriya cikin 2013. Ya cika shekara 90 cikin 2024.

Akwai kuma Farfesa Adamu Baikie, wanda ya tashi a Sabon Garin Kano ya yi makarantar Wusasa, masanin aikin koyarwa. Jami'a uku ya shugabanta: ta Benin a Nijeriya daga 1978 zuwa 1985, ta ƙasar Lesoto can kudancin Afirka, da ta Jihar Nasarawa, wadda shi ya fara riƙe ta. Za ku lura duk maza mu ke ta ambata. Haka zamanin ya ke. 'Yan matan Wusasa sun yi karatu tun da wuri, sun riga sauran matan Arewa nesa, amma yawancinsu aikin jiyya da ungozoma da koyarwa aka nufa da su, ba a cika tura su jami'a ba. Wannan kuskure ne, ba sai mun gāje shi ba.

Namu gefen

Mu a arewacin Togo mun makara fiye da haka. Jamus sun kafa bariki a Sokode kafin 1900, amma suka rufe arewa ga 'yan Mishan shekaru da dama, kamar yadda Ingilishi suka yi a ƙasashen sarakunan Musulmi, ba su buɗe ba sai gab da yaƙin 1914 da ya kore su. Makarantu suka taru a Lome da kudu. A zamanin Faransa wanda ya yi fice sai a aika da shi Senegal, makarantar William Ponty ko ta likitoci a Dakar, ko kuwa Faransa kanta, ɗan arewa kuwa da wuya ya shiga wannan lissafi. Sai cikin 1970, shekara goma bayan mulkin kai, aka kafa jami'a a Lome. Daga Dapaong zuwa can ya fi kilomita 600. Jami'ar Kara ta fara karatu cikin 2004, tsakaninta da Sokode bai kai kilomita 80 ba, yaro ya tashi da safe ya iso kafin azahar. Abin da Barau Dikko ya yi makonni a teku yana nema, yanzu kuɗin mota ne.

Wani abu kuma da ya kamata mu sani. Ciwon barcin nan da ya cinye Gimi ya yi ɓarna ƙwarai a ƙasar Kabiye da kewaye a zamanin Faransa. Cikin 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Togo ce ƙasa ta fari a Afirka da ta kau da shi daga zama annoba. Ba da laya aka yi ba. 'Ya'yan mutane ne da aka bari suka yi karatu, suka shiga ƙauye ƙauye da madubin likita suna duba jini.

Duk wannan muka gaya wa maigidan, ba a zama ɗaya ba. Ba mu kuma ɓoye masa ɗaya gefen ba, gama mun gani da idonmu: akwai yaran masu bi da suka yi digiri suka daina zuwa sujada, akwai waɗanda 'ya'yansu ba su jin Hausa ko Moba ko Kotokoli, akwai kuma masu digiri da ke tuƙa babur a Lome don rashin aiki. Ba mu da ikon yi masa alkawari a kan zuciyar 'yarsa. Muka ce masa dai, Dikko da Audu sun tafi nesa fiye da Kara, a lokacin da wasiƙa ke yin wata guda a hanya, kuma mutanen da suka ƙi iyayensu su ne daga baya suka zo suna neman magani a hannunsu.

Ya yi shiru, yana wasa da bakin tabarma. Can sai ya ce, "To, Malam, a Kara wa zai riƙe mini ita?" Muka ce akwai wata dattijuwa a ikilisiyar can, gwauruwa, mai ɗaki a gidanta, za mu rubuta mata. Ya ce ɗakin nawa ne a wata? Muka ce sai mun tambaya. Ya kira uwar yarinyar daga madafa, ya ce ta zo ta ji, a kuma lissafa buhun masara nawa za a iya fitarwa bana ba a taɓa na ci ba.